Reshen Magarya a Kujerar Gaba

Nquthu, watan Afrilu

Zamile, 'yar ɗana,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ni dai ina nan. Gwiwar hagu ta daina jin maganata, ta dama kuma tana kallonta tana koyo. Shanu lafiya, sai jar saniyar nan da ta ƙi ɗanta. Maƙwabciyata MaNgema ce ke riƙe da biro kamar kullum, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta sa masa kayan zuwa coci.

Ga abin da ya sa na aiko. Wani ɗan ƙauyen nan da ke ƙwadago a wajenku ya zo gida, ya ce an sayar da gonar da filin jiragen feshi yake, kuma sabon mai ita zai sa garma ya shuka masara da ruwan farko. Har gindin tankin ruwa, in ji shi. Kin san abin da ke gindin tankin nan. A nan ubanki Dumisa ya faɗi yana jan mesa, zuciyarsa ta tsaya. Gawarsa aka kawo a bayan mota aka binne, ni ina kwance asibiti, ba wanda ya je da reshen magarya ya ɗauko kurwarsa, kamar yadda muke yi wa wanda ya mutu a waje. Jikinsa na nan bayan garke. Shi yana can inda ya faɗi, yana jiran a zo a kira shi.

Ubana Ndabezinhle ni na ɗauko shi daga ramin zinariya na birnin Goli. Ƙanena Velaphi ni na ɗauko shi daga bakin titin Durban, kujera guda na kama masa a bas. Duk suna gida. Dumisa kaɗai ke waje. In garma ta bi ta wurin, a ina zan tsaya in kira shi? A tsakiyar masarar wani?

Ki zo da hutun sanyi ki raka ni. Ni in riƙe reshen, ke ki riƙe ni.

An ce har yanzu kina shiga jiragen nan. Ke da aka kai makaranta har kika zama mai ba da magani a asibiti, ban san abin da kika rasa a ƙasa ba.

Kakanki,
Bhekifa Sibiya

Reitz, watan Mayu

Mkhulu, Sotobe,

Kakana, na haɗa maka da Sotobe, sunan gidanmu, don ka saki fuska kafin ka ji sauran. Ina lafiya, aiki da yawa, sanyi ya fara cizo. A gaishe da MaNgema. Ka riƙa shafa man da na aiko, ba a ajiye shi kan taga don ado.

Maganar garma gaskiya ce, na ga sabon mai gonar yana auna wurin. Zan zo a watan Yuli mu taho tare.

Jirgi kuwa, takardar tuƙi na daɗe da samu, amma na irin wanda tayarsa ta uku ke ƙarƙashin hanci, wannan ko jaki ne sai ya kai ka gida. Wanda nake koyo yanzu jirgin alkafura ne, ɗan ƙarami, ja, kujeru biyu, ɗaya gaban ɗaya, tayarsa ta uku a wutsiya. A sama ba shi da laifi. A ƙasa ne yake da halin jar saniyarka. Yana gudu wutsiyar na neman ta wuce gaba, dole ƙafafuna su yi ta rawa kan abin takawa suna mai da ita. Makon jiya na sauka, na ɗan saki jiki, kafin in ankara ya wulwula da ni, ya tsaya yana kallon inda muka fito, ƙura ta rufe mu. Malamina, wani tsohon Bature da kowa ke kira Oom Tertius, ya tofar da ciyawa ya ce, “Yarinya, in kin manta wani abu a baya ne ki faɗa mini, sai mu koma da ƙafa.” Bai yarda in tashi da shi ni kaɗai ba tukuna.

A filin nan muke koyo. Duk Asabar sai na wuce ta gindin tankin. Gaskiya zan faɗa maka, Mkhulu, nakan tsaya in saurara, amma ba na jin kowa a wurin. Iska ce kawai da ƙarar kwano.

Taka,
Zamile

Nquthu, watan Yuni

Zamile,

Ba ni da lafiya, ba sai na ɓoye ba. Na je raba jar saniya da ɗanta, ta ture ni, ƙugu ya tsage. Likita ya ce ba ni ba doguwar mota sai baɗi. Na ce masa garma ba ta jiran baɗi, ya ce shi ƙashi ya karanta, ba noma ba.

Na kwanta na ƙirga mazan gidan nan da za su iya zuwa a madadina. Na fara daga babban yatsa, ban kai na biyu ba. Duk suna bayan garke. Gida goma ne a da kan wannan tudu, yanzu hayaƙina kaɗai ke tashi. Da yamma in na kira sunayensu, kaji ne ke juyowa.

Kin ce ba ki jin kowa a gindin tanki. MaNgema ta karanta mini wurin sau biyu. To na gane. Kina nufin tsohon nan ya bar wahalar da ke a kan iska da ƙarar kwano. Ba sai kin zo ba. Ki yi zamanki wurin Baturenki, ku yi ta juyi kamar ƙuda a ƙwarya. MaNgema ta ce kada ta rubuta wannan. Rubuta, baiwar Allah, ba ke za a yi wa fushi ba.

Bhekifa Sibiya

Reitz, watan Yuni

Mkhulu,

Sannu, sannu. Ka kwanta yadda likita ya ce, don girman kakanni. Na roƙi MaNgema ta sa jikokinta su kula da shanun.

Ba haka nake nufi ba. Cewa na yi ba na jin sa, ban ce ba ya nan ba. Shekara nawa ina tsayawa a wurin ina jira ya yi mini ko da tari ne. Kana tsammanin don me na zaɓi wannan fili, duk filayen ƙasar nan?

Ka saurare ni har ƙarshe kafin ka jefi MaNgema da sanda. Ni zan ɗauko shi. Na san mace ba ta riƙe reshe, amma kai da bakinka ka ce ba namiji. Kuma a jirgi zan kawo shi. Shekara goma sha tara Baba yana cika wa jirage ciki, yana goge musu gilashi, yana ɗaga musu hannu, ko sau ɗaya ba wanda ya ce masa shigo. Ina ƙarama yakan ɗora ni a wuya in suna alkafura ranar Lahadi, ya ce, “Zami, ko yaya duniya take in an kalle ta a kife?” A wannan jirgi mai tuƙi in shi kaɗai ne a baya yake zama, kujerar gaba a sake take. Babba a gaba, ɗiya a baya. Akwai filin ciyawa a tsohon asibitin mishan, tsallaken kogin Mzinyathi, kusa da ku. Abin da ya rage Oom Tertius ya sake ni in tashi ni kaɗai.

Zamile

Nquthu, watan Yuli

'Yar ɗana,

Ina zaune yanzu, ina cin tuwon masara da kindirmo da hannuna. Ƙugun na nan yana zagina.

Na ƙi. Na yi ta ƙi har MaNgema ta gaji ta tafi ta bar ni da ƙin. Sai na sa aka ɗauke ni aka kai ni bakin garke, na ƙona ganyen turare, na gaya wa mutanen gidan da ke kwance a wurin cewa mace ce za ta je, wanda bai so ba ya tashi ya je da kansa. Ba wanda ya tashi.

Ga reshen nan cikin buhun gari, daga magaryar kura ta bayan ɗakin kakarki na sa aka yanko. Yanzu itace ne kawai, shi ya sa na yarda da gidan waya. Ki buɗe kunne, don ba a rubuce abin yake ko'ina ba sai yau.

Ki je gindin tankin da safe. Ki durƙusa, ki ja reshen a ƙasa daidai inda ya faɗi. Ki kira shi da sunansa da na ubansa da na kakansa, ki ce, tashi mu tafi gida. Daga wannan lokaci reshen shi ne ubanki.

Ba ki magana da kowa sai shi, ko gaisuwa ce. Kika amsa wa wani, zai ɗauka kin sake shi, ya tsaya nan.

Ba ki waiwaye. Kika fuskanci inda kuka fito, can zai koma. Wannan wulwulawar da kika ce jirgin ya yi da ke, ranar babu ita.

Duk kogi, duk dutse, duk gari, ki gaya masa, don matacce ba ya ƙetare ruwa sai an ce masa ƙetare.

Kada ki ɗaure shi, ba akuya ba ne. Kuma kada ki kife mini ɗa a sama. Mutum ya shekara da shekaru a tsaye, ba a dawo da shi gida ƙafa a sama.

Kakanki

Reitz, watan Yuli

Mkhulu,

Reshen ya iso, ƙayarsa ta gaishe ni tun a gidan waya. Na ji daɗi da kana ci.

Duk na riƙe, amma abu biyu ba za su yiwu ba. A jirgin nan ko biro ba a bari a sake, don in ya gangara ya maƙale a gindin sandar tuƙi, an gama. Dole in ɗaure shi da bel ɗin kujera. Na biyu, akwai rediyo, kuma dole in yi magana a cikinta, in ba haka ba wani jirgin zai iya shigowa cikina bai san ina nan ba. Na tambayi Oom Tertius ko a kashe ta ranar, ya ce, “In haka ne sai a tanadi reshe biyu.”

Ka faɗa mini yadda zan yi.

Zamile

Nquthu, watan Agusta

Zamile,

In za ki ɗaure shi kamar kaya, ki kuma yi ta hira da Turawa a kansa, ki jefa reshen a wuta. Gara ya tsaya cikin masara da a yar da shi tsakanin sama da ƙasa, inda ba mai iya zuwa kiransa har abada.

B. Sibiya

Nquthu, watan Satumba

'Yar ɗana,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, tunda ba ki faɗa ba. Kullum motar gidan waya ta wuce sai MaNgema ta ɗago hannu daga nesa ta nuna mini babu. Na fara takawa da sanda biyu. Jar saniya ta karɓi ɗanta, ita ma ta gaji da faɗa.

Gajimare ya fara taruwa ta wajen duwatsu. Jiya na ji ƙanshin ruwa. A da in na ji wannan ƙanshi murna nake yi.

Kin ƙone shi ne? Ni faɗa na yi, ba umarni ba. Ke ma kin san bakina.

Maganar ɗauri, na tuna direban bas ɗin da na ɗauko Velaphi ya taka birki, reshen ya faɗo, na tare shi da gwiwa har gida. In kowa a jirgin ɗaure yake zama, har Baturen, to ba wulaƙanci ba ne. Ki nemi izininsa kafin ki ja bel ɗin.

Rediyon nan kuwa, wai me ake cewa a ciki? Faɗa mini kalma kalma, ba don na yarda ba.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Gidan nan ya yi shiru da yawa.

Kakanki

Reitz, watan Satumba

Mkhulu, Sotobe,

Lafiyata lau, ka yafe mini. Reshen na nan a kan gadona, ni ce na koma kwana a tabarma. Ban rubuto ba ne don ba ni da abin cewa sai Oom Tertius ya sake ni, shi kuwa ya yi ta ƙi. Sauka, tashi, sauka, tashi, har tafin ƙafata ya yi kanta.

Asabar da ta wuce muka sauka, ya kwance bel ɗinsa ya fita, ya ɗaure shi a kan kujerar da ba kowa, ya ce, “Na gaji da kallon gajimare. Je ki, in kin fasa mini jirgi kada ki dawo.” Na tashi. Ban san jirgin na da sauƙi haka ba in ba kowa a gaba. Na hau sosai, na mirgina shi, na yi alkafura, gonaki suka koma bisa kaina. Na yi ihu, sai na ga ba wanda ya ji. Ban taɓa zama ni kaɗai irin wannan ba, Mkhulu. Na sauka a miƙe kamar an ja zare. Mutanen filin suka jefa ni cikin komin ruwan shanu, haka suke yi wa kowa ranar farko.

Ga abin da ake cewa a rediyo. A hanyar da zan bi ba wani mai ba da umarni daga ƙasa. Mutum yakan danna ne ya faɗa wa iska: ni ce wance, ina bisa wuri kaza, tsayina kaza, na nufi wuri kaza. Duk gari, duk dutse, sai ka sake faɗa. Yawanci ba mai amsawa.

Garma ta iso, tana bakin shinge. Asabar ta farkon wata zan taho in iska ta yarda.

Zamile

Nquthu, watan Satumba

Yarinyar banza, ai wannan shi ne abin da na ce ki riƙa gaya wa ubanki! Ashe Turawan ma matattunsu suke wa jagora ba su sani ba. Ki fara kowace magana da Baba. Wanda ya ji, kunnensa ne ya jawo masa. Turancin filin jirgi kuwa Dumisa ya fi ki iyawa.

Surukin MaNgema zai kai ni filin mishan a bayan motarsa, a kan katifa. An jiƙa dawar giya, an ware akuya. Ki sauka a miƙe.

Kakanki

Reitz, watan Oktoba

Mkhulu,

Na iso lafiya, na mayar wa Oom Tertius jirginsa. Ranar ba mu samu magana ba. Ka karɓi reshen a hannuna, shirun ya koma kanka har gida, daga nan jama'a suka cika ko'ina, da gari ya waye kuma hadari ya kore ni. To ga yadda muka zo.

Na yi yadda ka ce a gindin tanki. Direban garma ya cire hularsa, bai gaishe ni ba, ashe shi ma ya san al'adar. Na ce, Baba, ka yi haƙuri zan ɗaure ka, kowa haka yake zama. Oom Tertius ya rufe mana murfi bai ce uffan ba, karo na farko a rayuwarsa.

Na gaya masa kogin Wilge. Na gaya masa dutsen Harrismith. Muna gab da gangaren manyan duwatsu sai wata murya ta shigo rediyo, wani mai jirgin feshi, ya ce, “Jan jirgi, ban gan ki ba, faɗa mini tsayinki.” Na dubi reshen a kujerar gaba. In na yi shiru muna iya karo, in na amsa masa na saki Baba a kan duwatsu. Ya sake tambaya da tsawa. Sai na danna na ce, “Baba, akwai mai son sanin tsayinmu. Muna ƙafa dubu takwas, Baba, mun fuskanci gabas.” Ya ce, “Wane ne kuma Baba?” Na ce, “Baba Dumisa Sibiya, ana tambayar ko kai wane ne.” Can sai muryar ta dawo a hankali, ta ce, “Dumisa na tankin ruwa? Ni zan yi ƙasa. Ku wuce, Dumisa, hanya taka ce.” Gilashin idona ya jiƙe, ban ga garin Dundee sosai ba, amma na gaya masa shi.

Saukar ka gani da idonka. Iskar gefe ta bugo, wutsiya ta fara zamewa hagu, na ji jirgin na son ya juya ya kalli Reitz. Ban san abin da ƙafafuna suka yi ba. Na dai ji ina cewa, Baba, gaba, gaba, ga Mkhulu can a kan katifa.

Ban kife shi ba. Sau biyu hannuna ya so, na hana shi.

Jiya na je filin. An nome gindin tankin. Na tsaya, ban ji kowa ba, amma wannan karon na san dalili.

Taka,
Zamile

Nquthu, watan Nuwamba

Zamile, 'yar ɗana, Sotobe,

Na kira ki da sunan gidan, MaNgema ta ɗago kai ta dube ni. Rubuta, baiwar Allah, wadda ta riƙe reshe ta ci sunan.

Ina lafiya, na koma sanda ɗaya. Ruwa ya sauka, tudu ya yi kore. Baƙi sun watse, an wanke tukwane, gidan ya koma yadda kika san shi, ni da kaji. Reshen na soke a saman ƙofar garke kusa da na Velaphi. Da yamma ina kiran sunaye, yanzu ba na tsallake ko ɗaya.

Sai dai ubanki bai canja hali ba. Shekaranjiya bayan cin rana barci ya ɗauke ni a gindin magarya, sai ga shi da rigar aikinsa, ya tsuguna, ko gaisuwa babu, ya ce, “Baba, kai ka hana ta ko? Sau ɗaya tak na shiga jirgi, aka tuƙo ni kamar motar madara.” Na ce kai, rufe mini baki, da mutunci aka kawo ka. Ya ce shi dai har yanzu bai san yadda duniya take a kife ba. Na farka ina masa faɗa, kaji na kallona.

Shi ya riga ya shigo gida, ba a sake fitar da shi. Saboda haka ga yadda za a yi. In Baturen zai ba ki jan jirgin da hutun Kirsimeti, ki zo filin mishan. Kujerar gaba tawa ce. Ki hau da ni, ki kife ni sau ɗaya, in buɗe ido in duba da kyau, in dawo bakin garke in ba shi labari. A hanya kuma in nuna miki inda sauran suka faɗi da sunayensu, don in na tafi, ke za a tambaya.

MaNgema ta ajiye biro ta ce hauka ta kama ni, ƙugun ma bai gama haɗewa ba. Ɗauki ki ƙarasa, baiwar Allah.

Ki ɗaure ni da kyau, yadda kika ɗaure shi. Ba sai kin nemi izini ba.

Kakanki,
Bhekifa Sibiya